Laka a Ƙarfen Raga

Jaka ɗaya. Takalmin roba. Bandeji, almakashi, igiyar awo. Sandar Kaka. Tikitin komawa, a aljihun da na sa shi tun ranar da na sauka.

Abin da na riƙo ke nan. Muna cikin motar makarantar ƙwallon Yayana, mun baro tasha. Direban, wanda yara ke kira Kawu, dattijo ne mai faɗin kafaɗa. Tun a tasha na lura gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwashewa sosai. Kafin ya shiga mota kuma sai da ya doki tayar dama da diddige, ya zaga ya doki ta hagu. Na ɗauka iska yake dubawa.

"Kawu, me ya faru? Yaya ihu kawai ya yi mini a waya."

"Ruwa aka sakar wa filin, Likita. An kunna injin ban ruwa, an ja tiyo har tsakiya. Gari ya waye, fili ya zama fadama."

"Baƙin fa?"

Baƙin daga wata babbar ƙungiya ta ƙasar waje suke, sun zo gwada yara su zaɓi na zaɓa. Da safen nan aka shirya gwajin.

"Sun leƙa sun koma otal. Maigida ya roƙe su, sun ce za su jira zuwa jibi. An aro wani filin."

"Wa ake zargi?"

"Bahago." Ya canza giya. "Shi kuwa suka zo gani."

Mun ɗan taɓa tafiya, ya ce, "Likita, in ya tabbata, korarsa za a yi?"

"Ka fi ni sanin Yayana."



Ni ba likitar asibiti ba ce. Gyaran jikin 'yan wasa na je ƙasar waje na karanta, na daɗe a can har mutanen gida suka daina tambayar yaushe zan dawo. Amma ba don karatun Yaya ya kira ni ba. Kakanmu mai bin sawu ne, wajensa ake zuwa idan dabba ta ɓata. Cikin jikokinsa ni kaɗai yake yarda in bi shi, don ni kaɗai ce ba ta da surutu.

* * *

A bakin get iyaye da maƙwabta sun yi cincirindo, kowa da ɓarawonsa. Yaya ya ja ni gefe.

"Auta, dubi abin da aka yi mini. Ba na son 'yan sanda. Baƙin nan suka ga kaki, sun tafi ke nan."

"Me zai sa yaro ya ɓata ranar da aka shirya dominsa?"

"Akwai wani dillali mai baƙin tabarau da ke yawo a bakin shinge. An ce ya yi wa yaron alkawari. In baƙina ba su gan shi ba, shi ya ɗauke shi a ɓagas."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya ce! Tun bai kai ƙuguna ba nake ciyar da shi, ni na saya masa takalmin farko. In shi ne, yau a gidan ubansa zai kwana, kuma babu makarantar da za ta ƙara karɓarsa. Ni zan tabbatar da haka."

"Ka hana kowa taka filin."

"Wa zai taka? Sai dai agwagwa."

Na fara da mai gadi, don shi ya ga yaron.

"Baba, ka ji lokacin da aka kunna injin?"

"Ina zagaye, 'yata. Wurin nan da girma."

"Zagayen ya bar maka zanen tabarma a kunci."

Ya shafa kuncin, ya yi murmushi. "To, ido ba na ƙarfe ba ne. Amma da haske ya fara fitowa na gan shi sarai. Daga wajen injin ya taho, wando a jiƙe har gwiwa, silifas a hannu."

"Injin na aiki?"

"A kashe."

"Mabuɗin ɗakin injin fa?"

"A ƙusa yake rataye. Ko kaza ta san wurin."

"An buɗe get?"

"Wannan kam a'a. Mabuɗinsa a ƙarƙashin matashina yake, kuma ban ɗaga kaina daga kai ba."

Na yarda da shi.

* * *

Koci ya ce in duba maƙwabciyarsu ta bayan shinge. Ta sha rantsuwa sai ta ga bayan makarantar.

Na same ta tana kwashe ruwa daga ƙofar ɗaki da tsohon kwano. A kusurwar tsakar gida an tara ƙwallaye kamar kabewa.

"Sannu da aiki, Inna."

"Ke ce ƙanwar mai ƙwallon? Wadda ta je ƙasar sanyi? Hausar ba ta gudu ba?"

"Ta ɗan rame, amma tana nan."

"To ki gaya masa da Hausa, ruwansa ya kashe mini 'yan tsaki. Wai ni ake zargi? Ni da zan yi, wuta zan sa, ba ruwa ba. Wace mahaukaciya ce za ta saki ruwa alhali gidanta ne a gangare?"

"Dillalin da ake faɗa, kin san shi?"

"Mai tabarau? Wannan ai 'yata yake nema. Bai san ƙwallo daga kwakwa ba. Na kore shi ya fi a ƙirga."

"Ƙwallayen nan fa?"

"Duk wadda ta faɗo ta zama tawa. Ranar da suka gyara mini taga su zo su ɗiba."

Na taya ta ɗaga buhun dusa daga cikin ruwan, na fito.

* * *

Na sa takalmin roba, na ɗauki sandar Kaka. Ruwan ya fara janyewa, ya bar laka mai laushi.

A bakin ɗakin injin sawu iri biyu ne. Na farko ruwa ya bi ta kansa, bakinsa ya narke, siffar takalmi kawai ta rage. Mai shi ya taka kafin ruwan ya cika wurin. Na biyu ƙafa ce ba takalmi, bakinta a tsaye, har layin tafin ana gani. Mai ita ya zo bayan laka ta kwanta. Sawun ya shiga, ya tsaya gaban makunni, ya fito.

Na tsuguna a kan sawun ƙafar hagun. Ta dama ta nutse sosai. Ta hagu diddige ne da gefen ciki kawai, babban yatsa ya tone ƙasa, gefen waje bai taɓa ba. Duk takun haka. Na daɗe ina kallonsa.

Daga nan na bi jan tiyon zuwa tsakiyar fili. Can ruwa ya shafe komai. Na zaga gefe ina neman inda mai takalmin ya fita. Bai koma ta inda ya shigo ba. Sawunsa ya sake ɓullowa a gaban raga ta can nesa, inda ƙasa ta ɗan yi tudu, ciyawa ta cinye saboda tsayuwar gola. Ruwa kaɗan ne ya kai wurin.

Babu dalilin zuwansa nan. Tiyo bai kai ba, ba hanyar fita ba ce. Amma ya zo, ya kuma daɗe.

Ya tafi ƙarfen dama. Laka a jikin farin fenti, daidai tsayin diddige. Ya taho a karkace zuwa ƙarfen hagu, ƙafa na bin ƙafa, ɗaya ba ta haure ɗaya ba. Laka a nan ma. Ya dawo tsakiya, ya ja layi da diddige daga bakin raga zuwa gaba. Sannan ya tsaya a ƙarshen layin, ƙafafu a buɗe, nauyi a kan yatsu, yana fuskantar fili. Ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa duk inda ta je.

Na aika a kira mini golan makarantar.

Tsani suke ce masa, kuma sunan ya dace da tsawonsa. Ya taho da Koci, yana rantsuwa tun kafin a tambaye shi. Na sa ya ajiye ƙafarsa kusa da sawun. Tasa ta fi tsawo da yatsa guda.

"Wannan layin fa, kai kake jan shi?"

"Ni? Anti, Koci zai sa in zaga fili har in ga taurari. Alƙalin wasa ma kati zai ba ka. Aikin mutanen da ne, lokacin da ba a zana fili da kyau. Da shi suke gane tsakiyar raga ba sai sun waiwaya ba."

Na dubi Koci. Ya ɗaga hannu biyu.

"Kar ki kalle ni. Ni ɗan gaba ne. Raga sai masu taɓin hankali."

"Na gode, Koci," in ji Tsani.

"Cikin manyan gidan nan wa ya taɓa tsaron raga?"

"Babu," in ji Koci. "Da akwai, da wannan sandar rake ba ta sha ƙwallo shida ba wancan makon."

* * *

Bahago na zaune a bakin gadonsa a ɗakin kwanan yara. Jakarsa a ɗaure a gefe, an riga an ce ya haɗa kaya. Ya sa safa a ƙafa biyu duk da zafin da ake yi. Bai fi shekara goma sha shida ba.

"Kai ka kunna injin?"

"A'a, Anti."

"Kai ka kashe?"

Ya ja safarsa sama.

"Me ya kai ka wurin tun gari bai gama wayewa ba?"

"Shan iska."

"Da silifas a hannu?"

Ya kalli bango.

"Ka san wanda ya kunna?"

"Ban ga kowa ba."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"In kora ce a kore ni," ya ce. "In kuma ba kora ba ce, a bar ni in buga jibi. Shi ke nan."

"Miƙo mini ruwan can."

Ya tashi ya ɗauko. Ya yi tafiyar da kyau, kamar wanda ya sha gwada ta. Amma da zai juyo, a kan dama ya juya, shi da ake kira Bahago.

Na sha ruwan na fita. Ta taga na hango Kawu yana wanke mota wadda ba ta yi datti ba.

* * *

Na ce Yaya ya tara su a ɗakin canza kaya. Benci biyu, ƙugiyoyin rataye riga, warin zufa da man zafi. Yaya a tsaye. Koci, mai gadi, Tsani da Bahago a benci. Kawu a bakin ƙofa, tsummansa a kafaɗa.

"Yaron nan bai kunna injin ba," na ce. "Kashewa ya yi. Sawunsa a saman laka yake. Na wanda ya kunna yana ƙarƙashin ruwa."

"To wa ya kunna?" in ji Yaya.

"Mutumin da ya gama ɓarnarsa, maimakon ya gudu, ya tafi ya tsaya a raga. Takalminsa ya ɗauki laka. Kowa a nan zai kakkaɓe a ƙarfen da ya fi kusa. Shi ya doki na dama, ya je ya doki na hagu, ya ja layi a tsakiya. Ba na jin ya ma san ya yi."

Akwai ƙwallo a ƙarƙashin benci. Na jawo ta da ƙafa, na ɗaga, na wurga da duk ƙarfina wajen ƙofa.

Mai gadi ya kare kansa, duk da ba wajensa ta nufa ba. Kawu bai kauce ba. Hannu biyu suka fito, manyan yatsu a haɗe a baya, ƙwallon ta yi tsit a ciki. Ya jawo ta ƙirji ya rufe ta da gwiwar hannu. Tsumman bai ko faɗo daga kafaɗarsa ba.

"Kai!" in ji Tsani. "Kawu, sake yi in gani."

"Rufe mana baki," in ji Koci.

Kawu ya dubi ƙwallon, ya ajiye ta a hankali.

"Tayoyin da ka doka a tasha," na ce, "ba iska kake dubawa ba."

"Ba iska ba ce, Likita. Ƙafar ce ta saba."

Yaya ya rasa ta inda zai fara. "Kai? Shekara nawa kana cin abincina? Kai gola ne ban sani ba?"

"Tuƙi ka tambaye ni, Maigida."

"Wa ya biya ka?"

"Ba kowa."

"To don me?"

Kawu ya gyara tsummansa a kafaɗa. Bai kalli Bahago ba, kuma rashin kallon ya yi yawa.

"Bahago, cire safar hagu," na ce.

"Anti, lafiyata ƙalau."

"Cire."

Ya cire. Gefen ƙafar ya kumbura, bayan ƙaramin yatsa. Na tsuguna na sa ɗan yatsa a kan ƙashin, ban ma danna sosai ba. Ƙarar da ya yi sai da mai gadi ya miƙe.

"Kullum kafin a tashi yake zuwa wajen injin ya sa ta a ruwan sanyi, kumburin ya sauka," na ce. "Yau ya tarar da injin na zuba. Ƙashin ya tsage. Hoto zai nuna, amma ba na bukatar hoto."

"Tun yaushe?" in ji Koci, muryarsa ta yi ƙasa.

"Tun wasan da aka taka shi," in ji Kawu. "A bayana yake zama. A madubi na ga yana kwance igiyar takalmi da zarar mun tashi. Na ga yadda yake sauka daga mota. Na tare shi, ya sa na rantse ba zan faɗa ba."

"Sai ka rushe mini fili?"

"Bakina na ba shi, Maigida, ban ba shi hannuna ba. Na ɗauka baƙin za su tafi, su dawo baɗi, ƙafar ta warke. Ban san za su jira ba. Ban kuma san shi za a kama ba." Ya dafa gwiwarsa ta hagu. "Ni ma ranar gwaji na buga a kan wannan. An yi mini allura, na tare duk abin da aka buga. Daga nan sai tuƙi."

"Da an kore shi fa?" na ce.

"Da ni zan kai shi gida. Na yi niyyar in tsaya a get in faɗa."

Ko da gaske yake, ban sani ba. Sawu ba ya nuna abin da mutum ya yi niyya.

Yaya ya zaga ɗakin, ya dawo. Na san fuskar. Lissafi yake.

"Auta, akwai allurar nan ta kashe zafi. Rabin wasa kawai. Su gan shi, su sa hannu, sannan a yi jinya."

"Anti, don Allah," in ji Bahago. Ya riƙe hannun rigata. "Ko rabin rabin. Babana ya sayar da kekensa ya kawo ni nan. Irin su ba sa zuwa sau biyu."

"Wataƙila ba za su sake zuwa ba," na ce. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma tsaga ce yanzu. Juyi ɗaya a kan ƙafar nan, ta karye gaba ɗaya. Wannan ƙashin ba ya son haɗewa."

"Ƙafata ce!"

"Taka ce. Allurar ce ba taka ba."

"Akwai mai kemis a bakin titi," in ji Yaya. "Ba sai ke ba."

"Akwai. Jibi wa zai yi maka tafinta da baƙin?"

Ya tsaya.

"Ni ka ce. To zan fassara duk abin da ka faɗa, in ƙara da abin da na gani."

"Ni za ki yi wa haka? A gaban ma'aikatana?"

"Tun da na sauka kake roƙona in karɓi ɗakin jinyar makarantar nan. Ina mabuɗin?"

Yaya ya sa hannu a aljihu. Sannan ya zaro tarin mabuɗai, ya ɓalle ɗaya, ya jefo. Ban cafe ba. Ya faɗi ƙasa, Tsani ya yi dariya shi kaɗai.

"Shi kuma fa?" Yaya ya nuna Kawu da haɓa.

"Ma'aikacinka ne. Amma gobe akwai mai kai yaro hoto, akwai fili da za a janye wa ruwa, akwai tsohuwa da za a biya 'yan tsakinta. In kana da wani, to."

"Ya fara da filin," in ji Yaya. "Da shebur. Shi kaɗai."

Kawu ya ɗauki tsummansa ya fita.

Na sunkuya na jawo takalman ƙwallon Bahago daga cikin jakarsa. Na hagun an tsaga gefensa da reza don ya saki ƙafar. Na riƙe su ta igiya na nufi ɗakin jinya a ƙarshen baranda. Ya biyo ni, yanzu ɗingishin a fili, ba wanda zai ɓoye wa.

"Anti, kin kashe ni. Wallahi ba zan yafe miki ba."

"Kar ka yafe. Ka daina taka ta."

Ɗakin ƙarami ne: gado ɗaya, kabad, ƙura a kan komai. Na sa takalman a kabad. Na ciro tikitin daga aljihun jaka na ajiye a kansu. Yaya ya iso bakin ƙofa, yaron a bayansa.

"Me zan ce wa baƙin?"

"Ka nuna musu sauran. Kana da yara da yawa."

Na tura ƙofar ta rufe, na murɗa mabuɗi, na faɗa ta cikin katako yadda duk su biyun za su ji.

"Ba zai buga ba. Ni kuma ina nan sai ƙashin ya haɗe."